Saura Kwana Tara Garanti Ya Ƙare

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, kuma ban ce "an yi" don ya mutu ba. Yana nan da ransa. Shi da kansa ya zo ya same ni, ya ce in faɗi labarinsa a gaban jama'a, muddin ba zan kama sunansa ba. To, ba zan kama ba. Kada kuma kowa ya fara waige-waige yana duban na kusa da shi, ba ya cikinku yau.

Mai shagon fenti ne. Shagon ɗan ƙarami ne, bokitai jere har rufi, ga buroshi rataye a igiya, ga warin fenti da yake bin mutum har gida. Maƙwabtansa na kasuwa suna ce masa Ba Asara, kuma ba banza suka sa masa ba. Bokiti in ya ƙare sai ya kankare gindinsa da wuƙa. Buroshin da gashinsa ya zube sai ya datse shi da almakashi ya sayar a matsayin ƙarami. Ba ya tauye awo, ba ya surka fenti da ruwa, yana salla a kan lokaci. Da an ce ku nuna mai zunubi a layin nan, babu wanda zai nuna shi. Abu ɗaya ne ke damunsa: bai iya ganin kuɗinsa ya fita bai dawo da wani abu a hannu ba.

Yana da mata, kuma 'ya ɗaya tilo Allah ya ba su. Shi "Uwata" yake ce wa yarinyar tun tana rarrafe. Ta girma, ta karanta aikin jinya, ta gama, tana zaune a gida tana jiran a kira ta aiki. Duk gidan ita kaɗai ke iya tsokanarsa a kan tsumulmula ya yi dariya. In uwar ta faɗa, faɗa ne. In 'yar ta faɗa, sai ya ce, "Uwata, ke dai ba ki san zafin nema ba."

Bayan shekaru yana tari, ya tashi sayen mota. Ta hannu ce, amma mai tsafta, injinta shiru. Suka tafi su uku. Bayan an gama ciniki, mai sayar da motocin ya shigar da su ofishinsa, ya zaunar da su gaban tebur mai gilashi, fanka tana juyawa a sama, makullai rataye a allo. Ya ce motar tana da garantin wata uku, amma akwai ƙarin garanti da wani kamfani ke sayarwa. Ya shimfiɗa musu zaɓi uku. Ko ka tafi haka, duk abin da ya lalace bayan wata uku aljihunka ne. Ko ka ɗauki ƙaramin, wanda ya tsaya a inji da giya. Ko ka ɗauki babban, na shekara biyu, wanda ya haɗa har da sitiyari da kayan wuta, kuma in mota ta mutu a hanya ka kira lamba a turo janwe ya ɗauke ta.

Ba Asara ya ji kuɗin babban, ya miƙe tsaye yana neman ƙofa. 'Yar ce ta jawo takardar ta karanta layi-layi, da yatsa, kamar yadda aka koya musu karanta takardar magani. Ta ɗago kai ta ce, "Baba, ka ɗauki babban. Ba don motar ba, don hankalinmu ya kwanta in ka yi nisa."

Ya zauna. Ya biya, hannunsa yana nauyi. Aka manna musu 'yar sitika mai lambar waya a gilashin gaba.

Bari in tsaya a nan in faɗi abu ɗaya. Ban zauna a wannan wuri don in ba da fatawa a kan takardar garanti ba. Malamai sun yi magana a kai, mai tambaya ya je ya tambaye su. Labarina ba a kan takardar yake ba. A kan abin da ya tsiro a zuciyar mutumin ne bayan ya sa hannu.

Motar nan ta ƙi lalacewa. Wata shida, lafiya lau. Shekara, lafiya lau. Da safe in ya murɗa makulli sai ta tashi tun bai saki ba. Ta kai shi kasuwa, ta kai matarsa asibitin ido, a cikinta 'yarsa ta koyi tuƙi a wani fili bayan gari, yana gefenta yana ta ihun birki. Ya 'yan uwa, me mai hankali zai ce a nan? Ba alhamdu lillahi ba? Mu da muke tura namu abin hawan kowace safiya, maƙwabta suna taya mu, mun san darajar wannan.

Shi kuwa haushi yake ji. Haushin lafiya! In ya wanke gilashi ya ga sitikar nan, sai ya yi tsaki. A wurin cin abinci sai ya ce, "An dai cinye mana kuɗi a banza. Ko fitila ɗaya ba su canja mini ba." Ya faɗa yau, ya faɗa gobe, har abin ya zama wasa a gidan. 'Yar takan ce, "Baba, ka kwantar da hankalinka. Albashina na farko zan biya ka kuɗin garantin nan, mu huta." Uwar ta yi dariya, shi ma ya yi. Amma dariyarsa ba ta kai ciki ba.

Saura kwana arba'in garanti ya ƙare, motar ta fara wani ƙara. In ya juya sitiyari zuwa hagu sai ya ji ƙwas daga ƙasa. Ya ce mini, kuma yana faɗa yana rufe fuska, ranar da ya fara jin ƙaran nan daɗi ya ji.

Ya kai ta wurin wani tsohon bakanike da ke bayan kasuwa, mutumin da ya fi shekara talatin a ƙarƙashin motoci. Tsohon ya ɗaga gaban motar, ya kama taya da hannu biyu ya girgiza, ya shiga ƙasa da tocila. Ya fito yana goge hannu da tsumma, ya ce mahaɗar ƙarfen sitiyari ce ta cinye, wato inda dogon ƙarfen nan yake kama ƙafar gaba ya juya ta. Ya ce aikin rabin yini ne, kuɗinsa bai kai na bokitin fenti biyu ba.

Ba Asara ya ce yana da garanti. Ya koma shago ya ciro takardar daga aljihun tebur, ya karanta da tabarau. Sai ya ga abin da bai lura da shi ba a da. Takardar ba ta biyan abin da ya cinye saboda amfani. Tana biyan abin da ya karye ko ya mutu gaba ɗaya. Ya buga wa kamfanin waya, bai faɗi sunansa ba, ya yi tambaya kamar ta wani. Aka tabbatar masa: in ƙara ne kawai, gyaran mai mota ne, in ya karye, sai su sa sabon ƙarfen gaba ɗayansa.

Kun ga ƙofar da Shaiɗan ya samu? Bai ce masa ya yi sata ba. Bai ce masa ya yi rantsuwar ƙarya ba. Cewa kawai ya yi: ka ɗan jira.

Ya koma ya gaya wa tsohon bakanike shawarar da ya yanke. Tsohon ya dube shi. Ya ce, "Maigida, wannan ba fitila ba ce. Ranar da ƙarfen nan zai tafi ba ya sallama. In ya tafi, sitiyari yana hannunka amma ba kai ke tuƙi ba. Kawo in gyara, ko kuɗin aikina kada ka ba ni."

Ya ce, "Baba, ni na san abin da nake yi. A hankali nake tafiya."

Kuma da gaske yana da tsari. Ya ɗauki biro ya zagaye ranar ƙarewar garanti a kalandar shago. Ya daina hawa babbar hanya. Kullum da rana, in kasuwa ta lafa, sai ya kulle shago ya fita shi kaɗai, ya nemi layin da ya fi ramuka, ya riƙa jefa ƙafar hagu a ciki a hankali, yana murɗa sitiyari har ƙarshe. Mutumin da ke kankare gindin bokiti, ga shi yana ƙona mai don ya karya motarsa da hannunsa. A lissafinsa, ƙarfen zai karye yana tafiyar da ba ta fi ta keke ba, ya fito ya kira janwe, kamfani ya sa sabo, shi kuma ya shiga gida yana taƙama.

In matarsa ta shiga motar, sai ya ƙara muryar rediyo. Ta ce masa, "Yaushe ka fara son labarai haka?" Ya ce duniya ce ta rikice, dole a saurara.

'Yar kuwa kunnenta ya fi na uwar. Wata rana suna shan kwanar gida ta ce, "Baba, motar nan tana wani ƙara a gaba." Ya ce, "Na kai an duba." Ya tsaya a nan. Bai ƙara kalma ba. Ita kuma ta yarda, don tun da aka haife ta ubanta bai taɓa sa ta a hanyar cuta ba. In an tambaye shi, zai ce ai bai yi ƙarya ba, ya kai an duba. Ya 'yan uwa, wa muke yaudara da irin wannan gaskiyar? Wanda ya san abin da muka faɗa, ya san abin da muka haɗiye.

Kwana talatin da ɗaya yana wannan aiki, ƙarfen ya ƙi karyewa. Saura kwana tara.

Ranar da sassafe aka kira shi cewa motar kayansa ta iso. Wani maƙwabci ya rage masa hanya, shi kuma ya bar makullin motarsa a ƙusar da ke bayan ƙofar falo. Da hantsi yana tsakiyar sauke bokitai, masu saye biyu suna jiransa, wayarsa ta yi ƙara. 'Yarsa ce, cike da murna. An kira ta daga wani asibiti a garin da ke gaba, tafiyar awa ɗaya. An ɗauke ta aiki. An ce ta zo ta karɓi takarda ta sa hannu kafin a tashi daga ofis. In ta tsaya jiran motar haya ta cika, ba za ta kai ba.

Ta ce, "Baba, in ɗauki motar?"

Ku saurara da kyau, domin duk labarin a nan yake. Ba satar makulli ta yi ba. Izini ta nema. Allah ya kawo masa damar har cikin kunnensa. Kalma ɗaya ta isa: a'a. Amma in ya ce a'a, za ta ce don me. In ya faɗi don me, sai ya faɗi cewa wata guda ke nan yana ɓoye musu, sai ya faɗi ma'anar "na kai an duba". Kunya ta kama shi a gaban 'yar cikinsa. Sai ya ce a ransa: kwana talatin ina dukan ƙarfen nan da ramuka bai karye ba, yau ɗaya ce zai karye?

Ya ce, "Ki tafi a hankali, Uwata."

Ta yi dariya ta ce, "Ka fara shirya aljihunka, kuɗin garantinka sun kusa dawowa."

Ta isa lafiya. Ta karɓi takardarta, ta sa hannu, ta naɗe ta a jaka. A hanyar dawowa akwai wata doguwar kwana zuwa hagu kafin gada. Direban da ke bayanta ya ce ba gudu take ba. Ya ce hanya ta lanƙwasa, mota ta miƙe.

Waɗanda suka taru suka ciro ta suka kai ta asibiti mafi kusa, wanda shi ne asibitin da ya ɗauke ta aiki a ranar. Wani daga cikinsu ya ga sitika a kan gilashin da ya farfashe, ya kira lambar. Janwe ya zo ya ɗauke motar ya kai garejin kamfani.

Uban ya isa da la'asar, fenti a rigarsa. Ya tarar da ita a kan gado, idonta biyu, numfashinta yana yankewa. Uwar tana riƙe da hannu ɗaya. Da ta gan shi sai ta motsa baki, ya sunkuya. Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri, na lalata maka mota. Wallahi na juya sitiyari, shi ne ya ƙi."

Ita ke ba shi haƙuri. Ita! Ya ce mini bakinsa ya buɗe don ya gaya mata ba laifinta ba ne, don ya roƙe ta ta yafe masa tun tana ji. Sai ya dubi matarsa da ke tsaye, ya kasa. Abin da ya fito daga bakinsa shi ne, "Ba komai, Uwata." Kafin rana ta faɗi ta cika, tana zaton ita ce ta yi wa ubanta ɓarna. Ya 'yan uwa, sau da yawa na ba da labarai a wannan wuri, amma babu wanda ya kai wannan nauyi a wurina.

Masu ta'aziyya suka zo suka tafi. Tsohon bakanike ma ya zo. Ya zauna a can ƙarshe, ya yi addu'a, ya tashi. Bai gaya wa kowa abin da ya sani ba. Da ya zage shi a gaban mutane da ya fi masa sauƙi.

Bayan mako uku wayarsa ta yi ƙara. Wata mata ce daga kamfanin garanti, murya mai fara'a, ba ta san komai ba, takarda ce kawai a gabanta. Ta ce injiniyansu ya duba motar, ya ga ƙarfen sitiyari ya karye ne da kansa, kuma ya karye saura kwana tara wa'adi ya cika. Ta ce ba sa biyan ɓarnar haɗari, amma ƙarfen yana cikin abin da suka ɗauka. Tun da motar ba ta gyaruwa, za a kawo masa sabon har gida. Ta ce, "Ka yi sa'a, ranka ya daɗe, da ya ƙara kwana goma da ka yi asara."

Washegari aka kawo. Dogon kwali, an ɗaure shi da roba, aka ajiye a tsakiyar falo, aka ba shi takarda ya sa hannu. Matarsa ta fito daga ɗaki ta ce, "Mene ne wannan?"

A nan ya faɗa mata. Duka. Ƙaran, da tsohon bakanike, da kalanda, da ramuka, da wayar da aka yi masa da hantsi. Ba ta yi ihu ba, ba ta zage shi ba. Ta tsaya tana kallon kwalin. Can ta ce, "Ashe shi ya sa kake ƙara rediyo."

Ta shiga ɗaki ta haɗa kayanta, ta ɗauki jakar 'yarta da takardar aikin a ciki, ta tafi gidan yayanta. Ba ta nemi saki ba, ba ta kuma dawo ba. Ya aika manya, ta ce ta bar shi da Allah, amma ba za ta iya cin abinci a gida ɗaya da shi ba.

Shago kuma ya mutu a hankali. Mai saye zai tsaya yana magana, shi yana kallon kalanda, wadda har yau bai cire ta ba. Fenti ya daskare a bokitai. Maƙwabta suka daina kiransa da laƙabinsa, don babu mai ƙarfin halin furta shi. A ƙarshe ya mayar da makullin shagon ga wanda ya ba shi haya. Yanzu a ƙafa yake yawo. Na je gidansa sau ɗaya. Kwalin yana nan a falo inda aka ajiye shi, ba a yanke robar ba. Na ce masa ya sayar ko ya ba da shi sadaka. Ya ce, "Malam, ta yaya? Ai shi na saya da ita."

Na san wani a cikinku yana cewa a ransa, ai ajali ne. Ƙwarai ajali ne. Kwananta ya ƙare, ba mai ƙara mata minti ɗaya. Ita tata ta yi kyau, muna yi mata kyakkyawan zato. Amma ba za a tambaye shi kwananta ba. Za a tambaye shi abin da ya sani ya ɓoye. Iyali amana ne, kuma duk wanda ya shiga motarka ya danƙa maka ransa ne, ko bai faɗa ba.

To, ya 'yan uwa, in ɗayanku ya je sayen mota aka shimfiɗa masa takardu, ya zauna ya karanta, ko ya nemi mai karanta masa. Ya tambayi abin da suke biya da abin da ba sa biya. In ya ɗauka, in ya bari, wannan shawararsa ce. Amma in ya ɗauka, shekara biyu suka wuce bai kira lambar nan ko sau ɗaya ba, ya sani bai yi asara ba. Shekara biyu ke nan Allah yana kai shi yana dawo da shi. Takarda tana iya maido ƙarfe, kun dai gani, ta maido. Ba ta da layin da ya ce za a maido 'ya.

Kuma kada mai keke ya ce wannan wa'azin masu mota ne. Wane ƙara kake ji a gidanka kana ƙara rediyo? Wayar wuta ce da take tartsatsi, ka ce sai mai gida ya gyara tun da haya kake? Tsagar bango ce a ɗakin yara? Wa ka ce wa "na kai an duba"? In akwai, kada ka kai gida ka zauna. Ka je ka faɗa yau, tun mai jin yana iya ji.

Ya Allah, ka jiƙan yarinyar nan, ka sanyaya zuciyar uwarta. Ka karɓi tuban ubanta, domin ƙofarka ba ta rufe ba, ko da shi ya kasa yafe wa kansa. Ka raba mu da jin haushin ni'imarka. Kada ka bar mu mu ci ribar da za mu kasa buɗe kwalinta. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye waɗanda suka yarda da mu.